Rumbun da Baba Ya Rufe

Wata Asabar ce ta watan Nuwamba, a shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, Baba ya rufe rumbu. Ina zaune gindin turmi ina ɓarar gyaɗa, ƙanwata Sa'ade ta jingina da bayana tana cinye duk wadda na ɓare, sai ga maza sun yi sallama sun shigo, Baffa Idi yayan Baba a gaba. Tun safe jinkar take ajiye a tsakar gida kamar ƙatuwar malafa, sabuwar ciyawarta tana ƙamshi. Suka kewaye ta, suka sa kafaɗa, suka ɗaga, Baba yana kan tsani yana tarbe. Kafin a kifa ta ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon dammunan geron da ya jera da hannunsa, sannan ya ce su saki. Ya bi da igiyar kaba ya ɗaure, yana ja yana nishi, ya ƙulle a can sama inda hannun yaro ba ya kai wa. Duk abin nan Inna tana bakin murhu ta ba su baya, Laminu jariri yana goye. Da Baba ya sauko ya kakkaɓe hannu, ya ce wa bayan nata, "Wannan na damina ne. Sai Allah ya dawo da ni." Ta amsa ba ta juyo ba, ta ce Allah ya kai mu.

Ba fushi take yi ba. A gidanmu da gidajen da ke kewaye da mu a bakin garin Matameye, mace ba ta kallon cikin rumbun mijinta. Ko a buɗe ta same shi kau da kai take yi. Tsofaffi suna cewa idan ta ga hatsin da yawa za ta yi sakaci da shi, idan ta ga kaɗan ne za ta raina mai shi. Namiji zai rufe rumbunsa ya tafi cin rani Najeriya, ba a taɓawa sai ya dawo da ruwan fari, domin a ciki irin shuka yake, a ciki kuma abincin da za a ci a iya ɗaga hauya yake. Macen da ta buɗe a bayan mijinta, sunanta ya ɓaci ke nan har a bakin rijiya, kuma akwai wadda aka sani a unguwarmu da aurenta ya mutu a kan haka. Baba bai tafi ya bar mu hannu wofi ba. Ya ware mana dawa da wake da ƴan dammuna a ƙuryar ɗaki, ga kuma abin da Inna ta samu a gayaunarta, ɗan filin da ya yanka mata take noma gyaɗa da kuɓewa. A lissafinsa wannan zai kai mu tsakiyar rani, sauran kuma zai riƙa aikowa. Bayan kwana kaɗan ya saɓa jakarsa ya nufi tasha, ƙanena Sani yana bin shi da gudu har bakin kwalta.

Inna tana da magana ɗaya da take maimaitawa, wadda na haddace tun ban san nauyinta ba. Ita a hannun gwaggonta ta tashi, an ɗauke ta riƙo tun tana ƙarama, ba a zalunce ta ba, amma ta ce har ta yi aure ba ta taɓa sanin inda za ta zauna ba idan ta je gidan uwarta. Don haka takan ce, "Ƴaƴana a akushi ɗaya za su ci, ko ruwa ne a ciki." Yayarta Inna Hajo, wadda ke aure a Tsauni, ƴaƴanta duk maza ne, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta ɗaga Sa'ade sama ta ce, "Zuwaira, ba ni aron wannan, gidana ya cika da ƙatti, ba mai kawo mini ko ludayi." Inna sai ta yi dariya ta ce, "Ki ɗauki Sani, ya ƙara miki ƙato ɗaya." A nan maganar take tsayawa.

Farkon ranin daɗi muka ji. Inna tana soya gyaɗa tana matsar mai, tana yin ƙuli-ƙuli, ni kuma idan na taso daga lakwal in kai gidajen da suka saba saye. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, mushe, malaminmu, yakan ce sai an sa kunne a bakina kafin a san ina numfashi. Amma ina da kallo. Na san wace kaza ce ke ƙwai a bayan randa, na san tafiyar kowa a gidan daga ƙarar takalminsa. Wurin zamana inuwar rumbu ce. An ɗora shi ne a kan gumagumai, gumaguman kuma a kan duwatsu, don haka akwai sarari a ƙarƙashinsa mai sanyi da ƙasa mai laushi. A nan nake carafke ni kaɗai, a nan nake yi wa Sa'ade ƴar tsana da kara da tsumma. Ita shekararta uku, bakinta ba ya hutawa. Kullum da safe sai ta saɓa wani guntun faifai a hammata ta ce ita ma lakwal za ta, ta bi ni har ƙofar gida, sai Inna ta kamo ta tana shure-shure.

Da farko Baba yana kira ranar Juma'a ta salular wani mai shago a bakin hanya. A aiko yaro, Inna ta yafa gyale ta tafi da sauri, ta dawo tana murmushi ta ce yana gaishe mu. Ya aiko da saƙo ta hannun wani ɗan unguwarmu, muka ci shinkafa. Daga nan ya ce aikin Kano ya tsaya, zai bi wasu zuwa kurmi, can kudancin Najeriya. Bayan wannan kiran ba a ƙara aiko yaro ba. Mai shago ya gwada lambar har ya gaji, wata mata ce kawai ke amsawa da Turanci. Duk wanda ya dawo daga Najeriya sai Inna ta tura Sani ya tambayo, wani ya ce ya gan shi yana tura kurar ruwa, wani ya ce an sace masa salula, wani ya ce shi bai ma san garin da yake ba. Dammunan ƙuryar ɗaki suka riƙa raguwa har ƙasan wurin ya fito, mai sanyi, da ƴan ƙwayoyin gero da Inna ta share ta tsince. Gyaɗarta ta ƙare, ta sayen kuma ta yi tsada. Ta koma yi wa mutane sussuka da surfe a ba ta tiya ko dusa. Tuwo ya koma na dare kaɗai, daga baya ya koma kunu. Wata rana Sani ya leƙa kwanonsa ya ce, "Inna, yau har hancina nake gani a ciki." Ta ce, "To ka gaishe shi, ka shanye." Muka yi dariya har da ita. Amma na lura tasoshin jerenta, waɗanda ta zo da su gidan aure, sun fara barin bango ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bar zagayen da ya fi sauran bangon haske.

Kaji ne suka fara nuna mini. Ba wanda ke watsa musu tsaba a lokacin, amma sai na ga sun daina fita bola, sun tare a ƙarƙashin rumbu tun safe suna caccakar gumagumai, kuma jikinsu yana cikowa. Wata rana da azahar na rarrafa na kore su na duba. A jikin dutsen da ke wajen gabas akwai wani siririn gini na jar ƙasa, kamar jijiya, ya hau dutsen, ya bi gungume, ya shige cikin saƙar gindin rumbun. Na sa farce na fasa, sai ga gara farare suna ta kai da kawowa. Na manna kunnena a jikin rumbun. Akwai wata ƙara a ciki, ƴar siririya, kamar yayyafi a kan busasshen kara, ba ta tsayawa. Na daɗe a wurin. Daga nan na je na tsaya kusa da Inna tana tankaɗe, sai na kama gefen zanenta na ja. Da yake ni ce ƴar fari ba ta kiran sunana, ta ce, "Ke, mene ne?" Na ci gaba da ja har ta tashi ta biyo ni. Ta durƙusa da goyo a bayanta ta duba. Ita ma ta sa kunne. Na ga ta rufe ido.

Daga ranar aka fara yaƙi daga waje. Ta kankare ginin garar da ɓawon kara, ta zuba toka mai zafi a gindin kowane dutse, ta daka ganyen dogon yaro ta jiƙa ta yayyafa. Ta samo baƙin man mota a wajen masu gyara ta shafa wa gumaguman. Da safe kafin in tafi lakwal ni ce mai rarrafawa in duba, in fito in gaya mata da kai ko da hannu. Kwana biyu sai a ga ba komai, rana ta uku sai sabuwar jijiya ta fito ta wani gefen. Ƙarar ciki kuwa ba ta taɓa yin shiru ba, domin waɗanda suka riga suka shiga ba abin da ya dame su da tokarmu. Maganinsu kowa ya sani: a ɗaga jinka, a fito da dammunan a shanya a rana, a sake gindin, a mayar. Aikin yini ɗaya ne ga maza huɗu.

Inna ta aika aka kira Baffa Idi. Ya zo bayan la'asar, ta shimfiɗa masa tabarma ta durƙusa nesa da shi. Ya zagaya rumbun hannuwansa a baya, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya saurara. Ya ce lalle akwai gara. Inna ta ce, kanta a ƙasa, "Yaya, ko za a taimaka a ɗaga a shanya. Ni zan shiga ɗaki in rufe ƙofa, ba zan ga komai ba." Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Zuwaira, in na ɗaga jinkar nan, gobe Mamman ya dawo ya ga hatsinsa ya ragu, gara zan nuna masa ko hannuna? Ni ban san dami nawa ya zuba ba, ke ma ba ki sani ba. Tun muna yara ba abin da ya taɓa shiga tsakanina da shi." Ta ce, "Yaran ne, Yaya." Ya ce ya sani, nasa yaran ma haka suke, shi ma nasa rumbun a rufe yake har ruwa ya sauka. Washegari ya aiko da tiyar dawa. Ba mugun mutum ba ne, kuma na ga ya fita daga gidan yana share ido da hannun riga.

Ta je wajen malamin da ke koya mana karatun allo. Ina biye da ita ina riƙe da hannun Sa'ade. Malam ya saurara har ta gama, ya ce mata a addini ba laifi mace ta ɗebi abin da zai ishe ta da ƴaƴanta daga dukiyar mijinta idan ya yi nisa, wannan rufewar al'ada ce kawai. Ta yi godiya. A hanya, da muka wuce masu rake, sai ta ce, ba da ni take ba, "Malam ya halatta. Amma Malam ba zai zo ya ɗaga jinka ba." Gaskiya ne. Jinka ba ta ɗaguwa ga mace ɗaya, kuma babu namijin da zai sa kafaɗarsa a rumbun wani. Hanya ɗaya ta rage, wadda ɓarayi ke bi, a yanka saƙar ta gefe a zaro. Wata rana da hantsi, ba mu da lakwal, na ga ta ɗauko lauje ta tsaya gaban rumbun. Ta ɗora tsinin a jikin saƙar. Sani yana waje, Laminu yana barci, ni ina bayan randa ba ta san ina kallo ba. Na ga tsinin ya ɗan shiga. Sai wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan danga tana tambayar aron rariya. Inna ta sunkuya da sauri ta shiga kankare ginin gara da laujen, ta amsa da cewa tana zuwa. Ba ta ƙara ɗaukar laujen ba.

Bazara ta shigo da zafinta. Rama da zogale da tafasa busasshiya su ne suka zama abinci, a kwaɗa da ɗan abin da aka samu. Ni da Sani muna iya haɗiye komai, Laminu yana da nono ko da kaɗan ne. Sa'ade ce ta tsaya a tsakiya, ta wuce nono, cikinta kuma bai iya ɗaukar ganye ba. Zawo ya kama ta, ya sake ta, ya sake kamawa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirunta. Ta daina saɓa faifai, ta daina bin kowa. Idan zan tafi lakwal sai dai ta bi ni da ido daga kan tabarma. A aji ina kallon allo amma ƙarar nan nake ji, kamar an sa mini ita a kunne. Inna ta kai ta likita, aka zagaya mata wani ma'auni mai launi a damtse, aka ce ba ta kai ja mai nuna haɗari ba tukuna, aka ba ta garin da ake kaɗawa a ruwa saboda zawon, aka ce a riƙa ba ta abinci mai kyau. Inna ta dawo ta kwantar da ita a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, wato inuwar rumbu, kajin nan masu ƙiba suna zagaye su.

A cikin wannan hali Inna Hajo ta zo, ranar kasuwa, da ƙullin rogo da albasa daga lambun mijinta. Ta shigo da barkwancinta kamar kullum, tana tambayar ina ƴar aronta take, sai ta ga Sa'ade. Ta ajiye kayan. Ta ɗauke ta, ta auna ta a hannu kamar yadda ake auna kaza a kasuwa. Suka shiga ɗaki, ni kuma na zauna a bakin ƙofa ina tsince wake, ba wanda ke korata domin an saba mantawa ina wuri. Na ji Inna Hajo tana cewa, "Ga hatsi a tsakar gidanki kina kallon ƴa tana narkewa?" Inna ta ce, "Ke kin taɓa leƙa na mijinki?" Can Inna Hajo ta ce, "To ba ni ita. Akuyarmu ta haihu, akwai nono, akwai fura. Ba riƙo ba ne, Zuwaira, kar ki kalle ni haka. Ta yi ƙwari in dawo miki da abarki." Inna ta ce sai ta tambayi Yaya Idi. Na san so take ya hana. Aka tura Sani, ya dawo da amsa tun kafin ruwan da aka ɗora ya tafasa. Baffa ya ce ai wannan zumunci ne, ba sai an tambaya ba, Allah ya saka wa Hajo da alheri.

Inna ta yi wa Sa'ade wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata kwalli. Ta ƙulle rigunanta biyu a ɗankwali. Ta ɗora ta a bayan Inna Hajo da hannunta, ta ja zanen ta ɗaure, ta sake kwancewa ta ɗaure, wai bai yi daidai ba. Sa'ade ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta kwantar da kunci a bayan, idonta a kanmu, har suka fita. Ni da Sani muka raka su inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa. Inna ba ta fito ba. Da muka dawo mun same ta tana wanke akushin da yake a wanke, ta zuba mana rogon da aka dafa, ta ce mu ci. Wurin da Sa'ade ke zama tsakanina da Sani, ba wanda ya matsa ya cike shi.

Baba ya dawo bayan ruwan fari ya sauka, mutane har sun fara shuka. Ya rame, ƙafarsa ɗaya da tabon ciwon da ya kwantar da shi a kurmi, abin da ya samu duk ya tafi a magani da mota. Ya zauna ya sha ruwa, ya dube mu, ya tambayi Sa'ade. Inna ta gaya masa a taƙaice. Da safe maza suka zo aka ɗaga jinka, Inna ta juya baya kamar yadda ta saba. Dammunan sama lafiya lau suke, zangarniyarsu tana sheƙi. Da aka kai tsakiya sai dami ya riƙa wargajewa a hannu. Daga nan zuwa ƙasa ba gero ba ne, jar ƙasa ce da ƙaiƙayi a dunƙule, sai da aka sa fartanya aka farfasa. Aka tara ta tsibi a tsakar gida, kaji suka yi caa a kai. Baba ya tsaya yana kallo. Baffa Idi ya dafa kafaɗarsa ya ce a gaban kowa, "Mamman, ka yi dacen mata. Yunwa ta shiga gidan nan, amma ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa ba. Ni shaida ne." Mazan suka ce madalla, Allah ya yi mata albarka. Ina kallon bayan Inna. Tana tuƙa abin da ke cikin tukunya, muciyar ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba.

Abin da ya tsira ya isa iri da ɗan abin ci na ƴan makonni. Inna ta fara cewa idan an yi noman fari za a je a ɗauko Sa'ade. Kafin nan mijin Inna Hajo ya zo yi wa Baba barka da dawowa, da buhun rogo a bayan babur. Suka zauna a zaure. Ya ce yarinya ta warware, har ta fara tsokanar yayyenta, Hajo kuma ta shaƙu da ita ƙwarai. Baba, wanda mutumin nan ya ciyar masa da ƴa a lokacin da shi ya kasa, ga kuma buhu jingine a bango, ya rasa da me zai saka. Ya ce, "Ai ƴarku ce. Na ba ku." Ni ce na kai musu ruwa, a kunnena aka yi. Na koma ciki, Inna ta dube ni tana jiran labari, na tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce, "To." Maganar da namiji ya yi wa namiji a zaure ba a janye ta. Sa'ade a Tsauni ta tashi, a can ta yi lakwal, daga can aka kai ta ɗakin miji.

Yanzu rumbun babu shi, an gina ɗaki a wurin. Hatsi a buhu ake zuba shi a sa magani a kulle a shago, kuma kowa da salula a aljihu, mutum yana kurmi za a tambaye shi ya amsa kafin a sauke tukunya. Mijina ma yana tafiya Kano da rani. Shekarar farko da zai tafi ya tsaya yana juya makullin shagon a hannu, bai san ko ya sa a aljihu ba, sai na miƙa tafin hannuna, ya ajiye a ciki. Har yanzu a unguwarmu idan ana yi wa amarya faɗa akan kawo sunan Inna, a ce ta yi koyi da Zuwaira. Ita kuwa ta tsufa, idonta ya rage gani. Sa'ade tana zuwa da Salla da ƴaƴanta, da tsarabarta mai yawa, domin mace ce mai kirki. Tana durƙusawa tun daga bakin ƙofa ta gaida Inna kamar yadda ake gaida ƙanwar uwa, ta tsaya tana duban ɗakin har sai an nuna mata inda za ta zauna. Inna takan tashi da kyar ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi, ta shimfiɗa mata da kanta. Ni kuma ina gefe ina kallo, kamar dā.